Ragon da ya ƙi ci yau, kada a bar shi sai gobe

Ƴan uwa manoma da makiyaya, maza da mata, a rangadin da muke yi na cibiyoyin yaƙi da jahilci mun sha jin labari iri ɗaya. Mace ta ci bashi ta sayi rago, ta turke shi domin Layya. Wata safiya rago ya ƙi dussa, aka ce a bar shi ya huta. Bayan kwana 3 sai ya shiga zagaya turke kamar mai hajijiya, ya faɗi yana shure-shure, ya mutu. Sai a ce iska ce ta buge shi, ko bakin mutane. Rago ya tafi, bashi kuwa yana nan.

A ganinmu, sau da yawa ba iska ba ce. Kaska ce ta kawo cuta. Likitocin bisashe suna kiran wannan cuta kodiriyoz, daga sunan Cowdry, masanin da ya gano ƙwayarta a shekara ta 1925. Mu sai mu ce da ita ciwon ruwan zuciya, domin in an feɗe bisar da ta kashe, akan tarar da ruwa mai launin kara a jakar zuciya da cikin ƙirji. Tana kama tumaki da awaki da shanu. Bisa ba ta shafa wa bisa, sai ta bakin kaska.

Ba kowace kaska ke ɗauke da ita ba. Mai kawo ta ita ce babbar nan mai dogon baki da ƙafafu masu zobe-zobe, namijinta yana da zane mai launin ruwan goro a baya. Ta fi yawa a kudu inda ruwa ke sauka sosai, kamar wajen Gaya, kuma manyanta sun fi fitowa da damana. Tana maƙalewa a hantsa, da maraina, da hammata, da ƙarƙashin wutsiya, da tsakanin kofato. Bisar da aka kawo daga arewa, wadda ba ta taɓa gamuwa da wannan kaska ba, ita ta fi shiga haɗari.

Ga yadda cutar ke tafiya. Bayan cizon kaska, rago yakan yi kamar sati 2 lafiya lau, ba a ganin kome. Daga nan mataki na farko: masassara mai zafi ta sauko masa farat ɗaya. Sai ya rage ci, ya ware daga garke, ya sunkuyar da kai, numfashi ya yi sauri.

Mataki na biyu, cuta ta taɓa ƙwaƙwalwa. Rago yana ta tauna ba kome a bakinsa, yana fiddo harshe, fatar ido tana rawa. Yana ɗaga ƙafafu sama in zai yi tafiya, yana kewaya wuri ɗaya, ƙaramin motsi ya firgita shi.

Mataki na uku, ya faɗi ta gefe, ya banƙare wuya baya, yana shure-shure, kumfa na fita ta hanci. Daga farkon masassara zuwa mutuwa, sau da yawa ba a cika sati ɗaya.

To, abin da muke so kowa ya riƙe shi ne wannan: magani yana ci a mataki na farko. Akwai allurar oksitetarasikilin, wadda ke ceton bisa in an yi ta tun ranar da masassara ta fara. In an jira har rago ya faɗi, da wuya ta tashe shi. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe.

Wani zai ce: "Likitan bisashe yana da nisa, kuma ba kowane ƙin ci ne cuta ba." Gaskiya ne. Shi ya sa muke ba da shawara kowace cibiya da kowace ƙungiyar mata masu turka su haɗa kuɗi su sayi ma'aunin zafin jiki. Ana sa shi a duburar bisa da safe, kafin rana ta yi zafi. Rago mai lafiya yakan nuna wajen digiri 39. In ya kai 41, a nemi ma'aikacin kiwo a ranar. Wanda ya koyi lambobi a aji ya iya karanta wannan ma'auni. Ya rubuta rana, da zafin, da abin da ya gani, ya miƙa wa likita. Ga amfanin karatu a fili.

Kada mu yi wa kanmu likitanci da maganin da ya sha rana a tebur ɗin kasuwa. Akwai cututtukan da ke kama da wannan, kamar haukan kare da cin guba, ma'aikaci ne zai rarrabe su. Shi zai auna allura daidai da nauyin bisa, ya kuma faɗi kwanakin da za a jira kafin a sha nono ko a ci nama.

Rigakafi kuma ya fi magani. Da damana mu riƙa duba jikin bisashe a kai a kai, musamman sabuwar saye. A yi musu wanka da maganin kaska kamar yadda aka rubuta a kwalba, ban da maganin feshin wake ko na auduga. In an cire kaska, kada a murje ta da farce, domin wasu kaska na ɗauke da cutar da ke kama mutum. A jefa ta cikin wuta, a wanke hannu da sabulu.

Wanda ya karanta wannan shafi, ya karanta wa maƙwabcinsa. Allah ya tsare mana dukiyarmu, ya ba mu damana mai albarka. Amin.