Ƙaramin Jatan Lande Na Cikin Tankin Gilashi: Kada A Ɗauke Shi Sana'ar Abinci

Ya kai malamin gona, idan ka shiga Kasuwar Jalingo za ka tarar da busasshen jatan lande a mudu-mudu, akasarinsa daga bakin teku ake kawo shi, irin su Oron ta Jihar Akwa Ibom. Tsadarsa ce ke sa manoma tambaya ko za a iya kiwonsa a gida, musamman da suka ji ana hayayyafa wani ƙarami ja a tankin gilashi. A ra'ayina, wajibi ne mu faɗa musu gaskiya kafin su zuba kuɗinsu.

Wannan ƙaramin, mai suna Neocaridina, asalinsa daga Taiwan da Sin ne, tsawonsa santimita 2 zuwa 3. Macen kan riƙe ƙwai 20 zuwa 30 a ƙarƙashin cikinta kamar mako 3 zuwa 4, 'ya'yan su fito da siffar iyayensu a ruwan daɗi. Shi ya sa yake saurin yaɗuwa. To amma dubu nawa za ka tara kafin ka cika mudu? Na ado ne kawai. Babban jatan landen kogunanmu kuwa, Macrobrachium vollenhovenii, wanda ake ci, tsutsarsa sai da ruwa mai ɗan gishiri take rayuwa. Saboda haka ko ka zuba shi a kududdufi a Lau ko Ibi, zai yi girma, amma ba zai ba ka iri ba.

Duk da haka ban ce a yi watsi da ƙaramin ba. Ina ganin amfaninsa a ofishin malamin gona, domin ba shi jure guba ko kaɗan. Feshin maganin sauro a ɗaki, ko hannun da ya taɓa cypermethrin bai wanku ba, ko maganin feshi mai sinadarin jan ƙarfe, ya isa ya ƙarar da tanki a dare ɗaya. Manomin da ya ga haka da idonsa ba sai an yi masa dogon bayani a kan illar wanke famfon feshi a kogin Lamurde ba, balle kamun kifi da Gamalin 20, wanda yarjejeniyar Stockholm ta hana amfani da sinadarinsa a noma tun 2009.

In za ka ajiye shi, nemi tanki mai lita 20, ka sa ciyawar ruwa, ka ajiye a inuwa, don zafin Maris da Afrilu a Jalingo na iya kashe shi. Ruwan famfo ya kwana a buɗe kafin a zuba. Abinci ɗan kaɗan, kada kuma ka haɗa shi da tarwaɗa ko karfasa, za su cinye shi. Idan ya yi maka yawa, ba wani mai tanki, kada ka sake shi a rafi, domin baƙo ne a ruwanmu.