Ku Daina Ce Wa Mai Tsoron Mutuwa Ba Shi Da Imani

Duk mai bibiyar shafukan labaran Zamfara a Facebook ya san yadda abin yake tafiya. A saka labarin an tare hanya tsakanin Maru da Talata Mafara, ko an shiga wani ƙauye a Maradun cikin dare, kafin minti goma sharhi ya cika. Yawancinsa Innalillahi ne da addu'a, wannan kuwa shi ne daidai. Amma da zarar wani ya kuskura ya rubuta cewa shi fa tsoro ya hana shi barci, ko ya fasa zuwa gida hutu saboda hanya, sai ka ga an yi masa caa. "Ina imaninka?" "Mumini ba ya tsoron mutuwa." "In kwananka ya ƙare ko a kan katifa kake sai ka tafi." In ka leƙa shafin wasu daga cikin masu wannan wa'azi, sai ka tarar a Abuja ko Kano suke zaune, ƙila ma a ƙarƙashin fanka suka rubuta.

Maganar tana da kamar gaskiya, shi ya sa take da wuyar amsawa. Wa zai yi musun ajali? Amma ni a ganina an ɗauko gaskiya ne an mai da ita sanda, ana dukan mutanen da dama a jigace suke. Kuma addinin da ake cewa ana karewa bai koyar da haka ba.

Bari mu fara da su wa ake zargi da raunin imani. A daren 26 ga Fabrairun 2021 aka kwashe ɗalibai mata daga makarantar sakandaren kimiyya ta Jangebe, a ƙaramar hukumar Talata Mafara, aka sako 279 ranar 2 ga Maris. A watan Agustan shekarar aka afka wa Kwalejin Noma da Kiwon Dabbobi ta Bakura, aka kashe mutane har da ɗan sanda, aka tafi da ɗalibai da ma'aikata. Ranar 1 ga Satumba aka ɗebe ɗalibai 73 a makarantar jeka-ka-dawo ta Kaya da ke Maradun. Cikin wata bakwai ke nan, ƙananan hukumomi uku maƙwabtan juna, kuma duka makarantu. A wannan tsakanin aka katse layukan waya a jihar, aka rufe kasuwannin mako, uwa ta kwana ba ta san ko ɗanta da ke Gusau yana raye ba. Waɗannan yara sa'o'inmu ne da ƙannenmu. Yarinyar da aka tasa a gaba cikin daji da tsakar dare, in yau ta ji ƙarar babura jikinta ya ɗauki rawa, wane ne ni da zan ce mata tauhidinta ne bai zauna ba? Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma ai sai ya gudu.

Kuma fa wannan yanki ba inda za a zo a koya wa mutane addini ba ne. Ɗan Bakura ne, Ahmad Sani Yarima, ya ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Gusau ranar 27 ga Oktoban 1999, kafin sauran jihohin Arewa su biyo baya. Makarantun allo da na Islamiyya suna ko'ina. Manomin da ke fita gona da asuba a gefen Bakolori, ya san ana iya ɗauke shi, ya yi sallarsa ya karanta abin da ya sani ya fita don yara su ci tuwo, wallahi tawakkalinsa ya fi na mai sharhi nesa ba kusa ba. Kuma tsoron yana ji. Abubuwan biyu suna zaune a ƙirji guda, ba su kori juna ba.

In muka koma ga abin da muka karanta tun muna yara, hujjar ma a fili take. Alƙur'ani ya ba mu labarin Annabi Musa (AS) ya fita daga Masar yana cikin tsoro yana waige-waige, bayan an gaya masa ana shawarar kashe shi, kuma ba a ambaci hakan a matsayin aibi gare shi ba. Manzon Allah (SAW) da zai yi hijira bai fita da rana tsaka ya ce ajali ɗaya ne ba. Ya yi shiri, ya nemi ɗan jagora, ya ɓuya kwana uku a kogon Sauru. Ranar Uhudu sulke biyu ya sa. A cikin Suratun Nisa'i an tsara yadda za a yi sallah a halin tsoro, wasu su bi liman wasu su tsaya gadi da makamansu. Addinin da ya ware wa tsoro siffar sallah ta musamman, ta yaya za a ce yana kallon mai tsoro a matsayin munafuki?

Akwai hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito wanda nake ganin ya kamata kowane mai sharhi ya sake karantawa. Da Annabi ya yi bayanin cewa wanda ya so gamuwa da Allah, Allah zai so gamuwa da shi, sai matarsa Nana A'isha (RA) ta faɗi abin da ke ran kowa, cewa ai dukanmu muna ƙin mutuwa. Bai tsawata mata ba. Ya bayyana mata cewa ba wannan ake nufi ba, ana maganar lokacin da mutuwar ta zo ne aka yi wa mumini bushara. Uwar muminai ta faɗi haka a gaban Annabi, amma ɗan Mafara ya faɗa a Facebook sai a kusa fitar da shi daga musulunci.

Sai labarin Sayyidina Umar (RA) lokacin annobar Amwas, wajen shekara ta 18 bayan hijira. Yana kan hanyar Sham aka sanar da shi cutar ta ɓarke, ya yi shawara, ya juya da mutanensa zuwa Madina. Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah yake yi, ya amsa da cewa daga ƙaddarar Allah suke gudu zuwa ƙaddarar Allah. Don haka ɗalibin da ya ce ba zai bi hanyar Gusau zuwa Mafara bayan la'asar ba, ya kwana a tasha ya jira gari ya waye, fiƙihun Umar ya bi ko ya sani ko bai sani ba.

Su ma Turawa sun daɗe suna tambayar ko addini yana rage tsoron mutuwa. A 2017 wani masani mai suna Jonathan Jong da abokan aikinsa sun tattara bincike guda 100 da aka yi a kan mutane wajen 26,000. Abin da suka samu ba shi da sauƙi kamar yadda kowane ɓangare zai so. Alaƙar tana nan amma ba ta da ƙarfi sosai. Waɗanda addini ya ratsa zuciyarsu tsoronsu ya fi sauƙi, masu riƙe shi don ganin ido ko amfanin zaman jama'a nasu ya fi yawa. Wasu daga cikin binciken ma sun nuna masu tsananin imani da waɗanda ba su yarda da komai ba duk sun fi na tsakiya natsuwa, wato mai kokwanto shi ya fi shan wahala. To amma yawancin binciken a Amurka aka yi. Ba a tambayi wanda aka aza wa ƙauyensu harajin miliyoyi kafin a bar su su girbe gero ba.

Nan ne nake ganin masu sharhi suke haɗa abubuwan da ba ɗaya ba. In ka zauna da mutanenmu za ka ji ba kabarin kansa ne ya fi damun da yawansu ba, mutuwa rigar kowa ce, sun sani. Abin da ke cin ransu shi ne irin mutuwar: a ɗaure ka a daji, a kira iyalanka su ji kukanka a waya, a sayar da gona da shanu a kai kuɗi, ƙarshe ko gawa ba a samu ba balle a yi wanka da sallah. Duk mun ga bidiyon Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Bawa, a watan Agustan 2024, dattijo mai rawani yana roƙon a cece shi, kuma bai dawo ba. Sai tsoron wa zai riƙe marayu. Sai kuma tsoron hisabi, wanda shi kam imani ne ma yake haifar da shi, wanda bai yarda da tashin ƙiyama ba me zai ji a kai? Imam Gazali ya haɗa tsoro da fata a babi guda cikin Ihya'u, ya rufe littafin gaba ɗaya da babin tuna mutuwa. Malamai ba su taɓa cewa a kashe tsoro ba, cewa suka yi a haɗa shi da kyakkyawan zato ga Allah kada ya zama yanke ƙauna.

In ana neman inda tsoro yake taɓa imani da gaske, ga shi can ana gani ba a magana. Kasuwar masu maganin bindiga da maganin ƙarfe ta buɗe. Matashi ya shiga aikin sa-kai, an ɗaure masa layu da guraye tun daga damtse har ƙugu, an ce harsashi ba zai huda shi ba, ya je ya tsaya a gaba. Shi da ya ce ba ya tsoro, ina ya kai dogaronsa? Wanda ya ce "ni kam ina tsoro, Allah Ka tsare ni" ya fi shi kusa da tauhidi. Amma mu a intanet na farkon muke yi wa kirari, na biyun muke yi wa dariya.

Wani abin da ya fi ba ni haushi shi ne wanda wannan magana take yi wa amfani. Idan kowane kisa "kwana ne ya ƙare", to babu wanda za a tambaya ke nan. Ba za a tambayi dalilin da ya sa aka kira jami'an tsaro ba su zo ba sai da gari ya waye, ba za a tambayi inda kuɗin tsaro suke shiga ba. Babban mutum zai zo ta'aziyya da jerin motoci da sojoji gaba da baya, ya ce a yi haƙuri haka Allah Ya ƙaddara. Ranka ya daɗe, in ajali ne kawai, rakiyar ta mece ce? Shari'ar da ta ce komai da ƙaddara ita ce ta wajabta ƙisasi da diyya, ba ta taɓa karɓar "ƙaddara ce" daga bakin mai kisa ko daga bakin wanda aka ba amana ya yi sakaci ba. Kakanninmu ma ba haka suka fahimta ba. Manoman da aikin madatsar Bakolori ya cinye wa gonaki sun tare hanyoyin aikin suna neman diyyarsu, har 'yan sanda suka buɗe musu wuta a watan Afrilun 1980. Masallata ne masu azumi, amma ba su ce ƙwace gona ƙaddara ce su naɗe hannu ba.

Mu ma masu waya muna da namu kason. A ajinmu na aikin jarida an koya mana ra'ayin George Gerbner, wanda ya nuna cewa masu yawan kallon tashin hankali a talabijin suna ɗaukar duniya ta fi yadda take muni. Shi talabijin ya gani, bai ga WhatsApp ba, inda hoton gawar mutum yake isa wayar ƙanwarsa kafin a zo a yi mata gaisuwa. Muna tura bidiyon gawarwaki da sunan "a ji tsoron Allah", alhali abin da yake haifarwa kashi biyu ne: wasu su firgice su kasa barci, wasu kuma zuciyarsu ta bushe har su wuce hoton jana'izar mutum ashirin su tsaya a kan bidiyon barkwanci. Tuna mutuwa da aka umarce mu shi ne wanda zai sa ka biya bashi, ka nemi yafiyar mahaifiyarka, ka tashi asuba. Ba a ce ka tara hotunan jini a waya ba.

Akwai kuma tsoron da ya wuce wa'azi ya zama ciwo: mutum ya yi makonni ba ya barci, yana zabura, abin da ya gani yana dawo masa kamar yanzu ake yi, ya daina shiga mutane. Likitoci sun san wannan kuma ana maganinsa. A yi masa addu'a, a yi masa ruƙya in ana so, amma a kai shi asibiti. Akwai Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Gusau, akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kware ta jihar Sakkwato. Matsalar ita ce da ka ambaci Kware sai a ce ka kira mutum mahaukaci, ga kuma masu cewa imaninsa ne ya yi rauni, sai ya gwammace ya yi shiru. Yaran Jangebe da na Kaya yanzu sun girma, wasu sun yi aure, wasu suna manyan makarantu, kuma suna cikin waɗanda ke karanta abin da muke rubutawa a ƙarƙashin labaran nan.