Sanarwar Bayan Taro Kan Hanyar Numfashi Ta Biyu Da Fungas Masu Sa Cuta Ke Bi

Ƙungiyarmu ta masu nazarin ƙananan halittu da ma'aikatan ɗakin gwaji ta kammala zamanta na shekara, inda aka tattauna kan yadda wasu nau'o'in yis da fungas ke ci gaba da numfashi bayan an toshe musu hanyar da aka sani. Ga abin da zaman ya tsayar.

Mahalarta sun fara da tunatar da juna cewa a watan Oktoba na 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jerin fungas 19 da ke barazana ga ɗan Adam, ta sa huɗu a sahun gaba: Cryptococcus neoformans, Candida auris, Aspergillus fumigatus da Candida albicans. Na farkon shi ne ke haddasa sanƙarau ga masu cutar ƙanjamau da garkuwarsu ta yi rauni, kuma a ƙasashen Afirka kudu da Sahara ya fi kisa.

Daga nan aka koma kan yadda numfashin ke gudana. A cikin maitokondiriya, ilektron na bin tashoshi ɗaya bayan ɗaya har ya isa ga iskar oksijin, a nan ne ƙwayar halitta ke samun ƙarfinta. Gubar sayanayid tana rufe tasha ta huɗu, antimaisin A kuma tana rufe ta uku. Mutum ba ya tsira idan haka ta faru. Amma fungas da dama suna da wani inzayim da ake kira AOX, wanda ke karɓar ilektron daga yubikwinol ya miƙa wa oksijin kai tsaye. Ɓarauniyar hanya ce: ƙarfin da ake samu ta nan kaɗan ne, sai dai rai ba ya tsayawa. Wannan na da muhimmanci a jikin mara lafiya, domin ƙwayoyin garkuwa suna fesa wa cuta sinadarin naitirik oksayid, shi ma tasha ta huɗu yake kamawa, AOX kuwa bai damu da shi ba.

Zaman ya daɗe a kan bambancin da ke tsakanin nau'o'in, domin nan ne ake yawan yin kuɗin goro. Candida albicans na da ƙwayoyin gado biyu na AOX, ɗaya yana aiki ƙasa-ƙasa kullum, ɗayan sai an matsa wa ƙwayar yake tashi. Candida glabrata ba ta da shi sam, haka ma yis ɗin da ake yin burodi da shi. A Cryptococcus, gwajin da aka wallafa a 2003 ya nuna cewa cire AOX na rage ƙarfin cutar a jikin ɓeraye. A Aspergillus fumigatus kuwa, cire shi ya sa fungas ɗin ya kasa jure sinadaran da ke ƙona ƙwayar halitta, amma bai hana shi kashe ɓeraye ba.

Saboda haka aka samu saɓanin ra'ayi. Wasu sun ce tunda jikin mutum ba shi da AOX, babu wurin da ya fi shi dacewa a auna da sabon magani. Sun kafa hujja da ƙwayar Trypanosoma brucei mai jawo ciwon barci da sammore, wadda a cikin jini da irin wannan inzayim kaɗai take numfashi, kuma sinadarin askofuranon yana toshe shi. Masu rinjaye sun amsa cewa fungas ba haka yake ba: yana da babbar hanyarsa, rufe ta biyun kaɗai ba zai kashe shi ba. Sinadarin SHAM da muke toshe AOX da shi a ɗakin gwaji ma ba magani ba ne da za a ba mutum. Ra'ayin masu rinjayen ne ƙungiya ta ɗauka.

A kan haka, ƙungiya na kira ga mambobinta masu bincike da su gwada masu toshe AOX tare da magungunan da ake da su, irin su fulukonazol da amfoterisin B, kuma su yi aiki da ƙwayoyin da aka samo daga marasa lafiyarmu, kada su tsaya ga waɗanda aka yo odarsu daga waje. Tana kuma roƙon abokan aikinmu na fannin noma su shigo cikin binciken, ganin cewa feshin azoksistirobin tasha ta uku yake rufewa, kuma an ga fungas ɗin da ke ƙona shinkafa yana komawa ga AOX idan aka fesa masa.

Ƙungiya na gargaɗin masu yaɗa labarai da kada su sanar da jama'a cewa an gano sabon magani. Ba a kai nan ba. Ga hukumomin lafiya kuma, abin da ke gabansu yau shi ne wadata asibitoci da kayan gwajin Cryptococcus na gaggawa da maganin fulusaitosin, wanda ke cikin haɗin maganin sanƙarau na Cryptococcus da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2022 amma yake wuyar samu a asibitocinmu.

An ɗora wa kwamitin bincike alhakin tsara yadda ɗakunan gwaji za su riƙa adana ƙwayoyin da aka samo daga marasa lafiya da musayarsu, ya kawo rahoto a zama na gaba.

Sa hannu:
Shugaban Ƙungiya
Sakataren Kwamitin Sanarwa