HABA JAMA'A, INTANET YA ƊAUKE BA SHI NE A YI WA KWAMFUTA FOMAT BA

Yau magana zan yi a kan wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare a shagunan gyara, kuma na san wasu abokan sana'a ba za su ji daɗinta ba. Mutum zai ɗora wata manhaja a kwamfutarsa ta gida, jiya intanet na aiki lafiya lau, yau ya ƙi buɗe komai. Ya ɗauke ta ya kai wa mai gyara. Kafin ma ya gama bayani an ce masa: "Windows ɗin ne ya ci, sai an yi fomat." A goge masa komai, a caje shi kuɗi, ya koma gida babu hotunan bikinsa, babu aikin makarantarsa, babu lissafin shagonsa. Wallahi wannan ba gyara ba ne. Ƙona rumbu ne don a kashe ɓera.

Ni wayoyi nake gyarawa, kuma a wajenmu ma akwai masu wannan hali, komai aka kawo sai su ce fulashin. Amma na kwamfuta ya fi ciwo, saboda abin da mutum ya tara a cikinta ya fi yawa, kuma yawancinmu ba ma ajiye kwafi a wani wuri.

Ka yi tunani da kanka. Intanet na aiki, ka ɗora manhaja, ya tsaya. Me ya canja tsakanin jiya da yau? Abu ɗaya ne. To me ya sa za a bar wannan abu ɗayan a je a rushe gidan gaba ɗaya?

Kuma kafin ka fara zagin kamfanin layinka, wayar da ke hannunka ta isa ta raba gardama. Haɗa ta da wannan MiFi ɗin ko rawutar da kwamfutar take kai. In wayar ta buɗe shafi, to layi lafiya yake, data ma akwai. Sannan ka kunna hotspot na wayar da wani layin ka haɗa kwamfutar. In nan ma ta ƙi, magana ta ƙare, ciwon yana cikin kwamfutar.

Su wa ke jawo wannan? Kusan kullum ɗaya ne daga cikin uku.

Na farko su ne manhajojin VPN, musamman na kyauta da ake yaɗawa wai a yi burauzin ba data. Wasunsu suna canja saitin proxy, su umarci kwamfutar cewa duk abin da za ta nema ta bi ta cikinsu. In manhajar ta rufe ba daidai ba, ko ka goge ta, saitin yana nan. Kwamfutar ta ci gaba da ƙwanƙwasa ƙofar da babu kowa a bayanta. Wasu kuma suna da abin da ake kira kill switch, wanda aikinsa ke nan ya toshe intanet duk lokacin da VPN ɗin bai haɗu ba.

Na biyu, antibayiros biyu a kwamfuta ɗaya. Mutane na ganin ƙarin tsaro ne. A'a. Kowanne yana son shi ne zai tsaya a bakin ƙofa yana binciken abin da ke shiga da fita, sai su shaƙe hanyar. Windows 10 da 11 sun zo da nasu mai suna Microsoft Defender, wanda ya wadatar da mai amfani na gida.

Na uku, kuma shi ne babba, manhajar da aka fasa, wadda muke kira kirak. Ka lura da umarnin da ke zuwa da ita: kashe antibayiros, kashe intanet, wani lokaci har a ce ka mayar da kwanan wata baya. Wanda ya ce ka kori maigadi kafin ya shigo gidanka, me kake zato ya zo yi? Irin waɗannan suna rubutu a cikin fayil ɗin hosts don su hana kwamfutar kaiwa ga wasu adireshi, wasu kuma suna shigo da manhajar talla da ke zama tsakaninka da duk shafin da ka buɗe. Kada ka ɗauka wannan tatsuniya ce. A 2015 an gano wata manhajar talla mai suna Superfish a cikin wasu sababbin kwamfutocin Lenovo, tana kutsawa har cikin shafukan da ke da makullin tsaro. In abin da ya fito daga kwali zai iya haka, ina ga wanda ka karɓo a filashin wani?

To ga abin da ya kamata a yi, bi da bi, kafin kowa ya ambaci fomat.

Fara da agogo. In kwanan wata ko shekara ba daidai ba ne, burauza za ta riƙa ƙin buɗe shafuka tana kukan tsaro, domin takardar shaidar kowane shafi tana da ranar farawa da ta ƙarewa. Gyara shi, minti ɗaya ne.

Sai ka cire wanda ake zargi. Shiga Control Panel, ka buɗe Programs and Features, ka danna Installed On don ya jero su bisa kwanan wata. Duba abin da ya shiga ranar da matsalar ta fara. Sau da yawa za ka ga wasu biyu ko uku da ba kai ka gayyato su ba, rakiya suka yi. Cire su, ka kashe kwamfutar ka kunna. Goge hoton manhaja daga fuskar kwamfuta ba cire ta ba ne, a kula.

Daga nan sai proxy. Settings, Network & Internet, Proxy. In ka ga Use a proxy server a kunne, musamman da adireshin 127.0.0.1, kuma ba kai ka sa ba, kashe shi. Wannan lambar ma'anarta ita kwamfutar kanta. Wannan maɓalli ɗaya ya sa an goge kwamfutoci da yawa a banza.

In bai yi ba, a nan ake gane mai gyara da mai cinta. Rubuta cmd a wajen bincike, ka zaɓi Run as administrator. Rubuta ping 8.8.8.8 ka danna Enter. Sannan ka rubuta ping google.com. Amsoshin biyu za su nuna maka inda ciwon yake:

In na farko ya amsa da Reply from, na biyu ya ce bai sami sunan ba, matsalar DNS ce. DNS kamar littafin lambobin wayarka ne, shi ke mayar da suna ya zama lamba. Rubuta ipconfig /flushdns, sannan ka shiga saitin katin intanet ɗin ka mayar da DNS ya zama na atomatik, ko ka sa 8.8.8.8 na Google ko 1.1.1.1 na Cloudflare.

In duka biyun sun amsa amma burauza ta ƙi, hanya a buɗe take, wani ne ya tare burauzar. Koma kan proxy, da antibayiros, da ƙananan manhajojin da aka liƙa wa burauzar.

In babu wanda ya amsa, rubuta ipconfig kaɗai. Ka ga adireshin da ya fara da 169.254? Kwamfutar ba ta karɓi adireshi daga rawuta ba ke nan, ta ƙirƙiro wa kanta ne. Rubuta netsh winsock reset, sai netsh int ip reset, ka sake kunna ta. Waɗannan layuka biyu suna mayar da tsarin sadarwar Windows yadda yake tun farko, ba tare da sun taɓa fayil ɗinka ko ɗaya ba.

In wasu shafuka ne kawai ke ƙi, buɗe Notepad a matsayin administrator, ka nemo hosts a C:\Windows\System32\drivers\etc. Layukan da suka fara da alamar # bayani ne kawai. In ka ga sunan shafin da kake nema an rubuta shi a gaban 127.0.0.1 ko 0.0.0.0, shi aka toshe. Goge layin, ka adana.

Akwai sauran makamai biyu. Network reset, da ke cikin Network & Internet, yana cire duk katunan sadarwa ya sake ɗora su. Ka tanadi kalmar sirrin Wi-Fi ɗinka, don zai manta da ita. Sai System Restore: rubuta rstrui, ka zaɓi ranar da ta gabaci ɗora manhajar, in akwai ta a ajiye. Yana mayar da manhajoji da saituna baya, amma hotuna da takardunka suna nan.

Na san abin da abokan sana'a za su ce: lokaci kuɗi ne, fomat ya fi sauri, kuma kwastoma yana tsaye a kai yana gaggawa. To a lissafa. Duk abin da na jero bai kai rabin awa ba. Fomat kuwa, da ɗora Windows, da neman direbobi, da mayar da manhajoji, yana cin awanni. Ba sauri ba ne, sabo ne da rashin son bincike. Abin da ya fi ban haushi, bayan an gama fomat ɗin sai a ɗauko wannan filashin a sake ɗora masa kirak ɗin da ya jawo matsalar. Bayan sati biyu ya dawo, a sake cajinsa.

Ban ce fomat haramun ba ne. In muguwar manhaja ta yi kaka-gida, ana cire ta tana dawowa, ko an ga alamar an sace kalmomin sirri, to gogewa ita ce magani, har da canja kalmomin sirrin daga wata na'urar. Amma ko a lokacin, a kwashe wa mutum fayilolinsa tukuna, kuma da saninsa. Shi ne mataki na ƙarshe, ba na farko ba.

Kai ma mai kwamfuta da naka. Ka daina kashe antibayiros don wani bidiyo ya ce ka kashe. Ka daina danna Next, Next, Next ido rufe. Manhajoji irin su VLC da LibreOffice kyauta ne a shafukansu na asali, ba sa buƙatar kirak. Kuma ka riƙa ɗora manhaja ɗaya bayan ɗaya kana gwada intanet, don in an sami matsala ka san mai laifi.

In kuma ta kama ka kai wa mai gyara, ka tambaye shi abu uku kafin ka bar masa ita: ya duba proxy? Ya gwada ping? Zai kwashe maka fayilolinka? In ya fara kame-kame, ɗauki kwamfutarka ka ƙara gaba. Ka tura wa duk wanda ka san yana da kwamfuta a gida. Allah Ya ba mu sa'a.