Mai Sayen Gidan Haya Ya Fara Duba Wuri

Akwai wani abokin aikina da muka daɗe muna koyarwa tare, mutumin wani ƙauye ne a ƙaramar hukumar 'Yankwashi. Da ya yi ritaya aka biya shi kuɗin sallama, sai ya yanke shawarar ya zuba su a cikin abin da ba ya ruɓewa, kuma annoba ba ta kashe shi kamar dabba, wato gida. Ya sami wani na sayarwa a garinsu, ginin bulo, ɗaki shida, rufin kwano, ga rijiya a tsakar gida, kuma kuɗinsa bai kai rabin abin da ake nema a kan irinsa a Kazaure ba. Nan take ya biya, yana lissafin cewa kuɗin haya za su riƙa tallafa wa fansho. Yau shekara huɗu ke nan. Ɗaki biyu ɗan ƙanensa ne ya tare a ciki da amarya, ba a kuwa karɓar haya a hannun ɗa. Ɗaki ɗaya an cika shi da buhunan gero da riɗi. Ɗan haya na gaskiya sau ɗaya gidan ya taɓa gani, wani malamin firamare, shi ma bayan wata bakwai aka yi masa canjin wurin aiki.

Ginin ba shi da aibi ko kaɗan, na je na gani da idona. Kuskuren abokina shi ne ya zaɓi wurin da zuciyarsa take so, alhali ba shi ne zai kwana a gidan ba. A nawa ra'ayin, duk wanda zai sayi gida don ya ba da haya, wajibi ne ya ajiye son ransa a gefe, ya ari idon baƙon da zai zo neman ɗaki, ya dubi wurin da shi. Fenti da tayil da ƙofar ƙarfe duk ana iya sake su da kuɗi kaɗan, amma babu magini a duniya da zai ɗauke maka gida daga wannan unguwa ya kai wata.

Ya kamata mu fara da tambayar da ta fi kowace sauƙi: wane ne yake kama haya a ƙasar Hausa? Ita kanta kalmar “haya” baƙuwa ce, daga Turanci muka aro ta, kamar yadda muka ari “fuloti”, yayin da “dillali” ya zo mana tun da daɗewa daga Larabci. Kakanninmu sun san aro, sun san jingina, sun san saukar baƙi. Falke idan ya iso gari yana da fatomansa, almajiri yana da zauren malaminsa, saurayi kuwa idan ya yi aure sai a yanka masa sashe a gidan ubansa. Biyan kuɗin ɗaki wata-wata ya bunƙasa ne bayan da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka sami ma'aikata da 'yan kasuwa waɗanda ba su da uba a garin. Har gobe kuma haka abin yake. Ɗan haya shi ne mutumin da aiki ko karatu ko kasuwanci ya raba da gidansu, ko kuma ɗan garin da gidan gado ya yi wa kaɗan. Inda babu abin da yake jawo irin waɗannan mutane, to babu haya, ko da gidan da zinariya aka gina shi.

Idan muka ɗora wannan ma'auni a kan yankinmu na arewa maso yammacin Jigawa, za mu ga bambancin a fili. Garin Kazaure yana kan babbar hanyar da ta taso daga Kano ta bi ta Dambatta ta nufi Daura. Nan fadar sarki take, nan babban asibiti yake, ga bankuna da kotuna da ofisoshin gwamnati. Uwa uba ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu, wadda gwamnatin tarayya ta karɓa a 2007, wadda kuma take tara ɗalibai da malamai daga jihohi da dama. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan wurare yana samar da mutanen da dole su sami wurin kwana. Babura ita ma tauraronta ya fara haskawa tun da aka kafa Jami'ar Fasaha ta Tarayya a can a 2021, ban da tsohuwar hada-hadar da take da ita ta garin da ke kusa da iyakar Nijar.

Karkarna, hedikwatar 'Yankwashi, da Roni da Gwiwa, lamarinsu daban ne. Garuruwa ne na manoma, kusan kowa yana cikin gidan gado. Akwai sakatariya da makarantu da asibiti, gaskiya ne, amma da yawa daga cikin ma'aikatan ko dai 'yan gari ne, ko kuwa sun ajiye iyalansu a Kazaure suna zuwa da safe su koma da yamma. Ba na cewa babu kasuwar haya sam. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin mota ya yi tsada, ma'aikacin da a da yake jeka-ka-dawo yana iya gwammace ya kama ɗaki ɗaya kusa da wurin aikinsa, ya riƙa komawa gida ranar Juma'a. To amma irin wannan ɗan haya ɗaki ɗaya mai sauƙin kuɗi yake nema, kusa da sakatariya ko makarantar sakandare. Ba ya neman katafaren gida a bayan gari.

A nan ne zan ja kunnen masu sayen wuri saboda jita-jita. Tun da aka ƙaddamar da aikin layin dogo na Kano zuwa Maraɗi a watan Fabrairun 2021, wanda aka tsara zai ratsa ta Dambatta da Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, dillalai suka sami abin talla. Kowane kango sai a ce maka “ai nan kusa da tasha ne”. Ba na musun cewa babban aiki yana tayar da unguwa. Samaru ta Zariya jami'ar da aka buɗe a 1962 ce ta raya ta, Rijiyar Zaki da Ɗanbare a Kano sun cika ne a inuwar sabon mazaunin Jami'ar Bayero, Dutse kuwa kowa ya san yadda take kafin ta zama babban birnin jiha a 1991. Sai dai duk waɗannan sun ɗauki shekaru masu yawa, kuma hangen Dala ba shiga birni ba ne. Mai rarar kuɗi yana iya sayen fili ya manta da shi har shekara goma. Wanda kuwa zai ci abinci da kuɗin haya a bana, kada ya yi cinikin biri a sama. Haka kuma mai sha'awar Babura ya tuna cewa sababbin makarantu sukan fara a mazaunin wucin gadi kafin su koma na dindindin, ranar da suka tashi kuwa ɗalibai sukan bi su da katifunsu. Sai a bincika a san inda makarantar za ta tabbata tukuna.

To, a ce an zaɓi gari. Saura unguwa, kuma a nan ne aka fi yin asara. Abu na farko da matar ɗan haya za ta tambaya, tun kafin ta leƙa ɗaki, shi ne ruwa. Hausawa na cewa ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba, amma wanda ya ƙirƙiri wannan karin magana da alama bai taɓa haƙa rijiya a gindin duwatsun Kazaure ko na Roni ba. Ƙasar wannan yanki a kan dutse take zaune, ruwan da ke ƙarƙashinta a cikin tsagogin dutsen yake maƙalewa, shi ya sa za ka ga rijiyar burtsatsen wani gida tana ambaliya, ta maƙwabcinsa kuwa an kashe kuɗi an tashi a tutar babu. Ta wajen Babura, inda ƙasar take da rairayi, matsalar ba iri ɗaya ba ce. Saboda haka kada mai saye ya wadatu da ganin famfo a tsakar gida ko jin cewa garin yana da madatsar ruwa. Ya murɗa famfon ya gani. Ya tsaya a bakin layi da sassafe ya ƙirga 'yan garuwa nawa suke shiga, ya tambaye su nawa suke sayar da jarka a watan Afrilu, lokacin da rijiyoyi suke ƙafewa. Gidan da mazauninsa zai riƙa sayen ruwa kullum, haya biyu yake biya, kuma da zarar ya sami inda ya fi, zai tashi.

Ruwan da ya yi yawa shi ma masifa ne. Dillali ya fi son ya nuna gida da rani, sa'ad da kowane lungu yake a bushe, kwari da tudu duk sun zama ɗaya. Ambaliyar 2022 da ta 2024 sun rushe gidaje masu yawa a Jigawa, kuma ba waɗanda ke bakin kogi kaɗai ba. Da yawa an gina su ne a kan tsohon kududdufi da aka cike da shara, ko a kan hanyar da ruwan sama ya saba bi tun kafin a haifi mai gidan. Ni shawarata ita ce a ziyarci gida sau biyu, sau ɗaya a bazara, sau ɗaya a tsakiyar Agusta bayan an ɗauke ruwan sama mai ƙarfi. Idan ciniki ba zai jira ba, to bango ba ya ƙarya. A duba gindinsa daga waje, za a ga zanen inda ruwa ya taɓa tsayawa, ko siminti yana ɓarɓashi saboda danshi. Idan aka ga sabon fenti a ƙasan bango kawai, sama kuwa tsoho, sai a yi tambaya. Tsofaffin unguwa ma sun san tarihin kowane fili, kuma ba su da la'ada a cikin cinikin.

Sai maganar maƙwabta, wadda masu lissafin riba sukan manta da ita. Kowace unguwa tana da irin mutanen da take karɓa. Idan ka sayi gida a tsakiyar magidanta masu iyali, ka zuba samari 'yan makaranta suna kiɗa har tsakar dare, ba za a yi wata uku ba sai ka tsinci kanka a gaban mai unguwa. Idan kuma ka sayi gida mai zaure da tsakar gida a bakin tashar mota, mai iyalin da gidan ya dace da shi ba zai yarda ya ajiye matarsa da 'ya'yansa a cikin wannan hayaniya ba. Magidanci yana duba nisan masallaci da makarantar Islamiyya da ta boko, da ko mota za ta iya shiga layin idan naƙuda ta tashi da dare. Ɗalibi kuwa yana duba ko zai iya isa aji da ƙafa, da ko akwai wuta, da mai shayi a kusa. Dole mai saye ya san wanne daga cikinsu yake nema tun kafin ya biya, domin wurin da zai gamsar da su duka biyun yana da wuyar samu.

Game da ɗalibai, akwai abin da ya kamata a faɗa. Hayarsu tana da riba, don sukan haɗu su biya kuɗin shekara gaba ɗaya, amma arzikin mai gidan yana ɗaure da kalandar makaranta. Yajin aikin malaman kwalejojin fasaha da aka fara a ƙarshen 2013 bai ƙare ba sai a tsakiyar 2014. A 2020 annobar korona ta rufe makarantu watanni, a 2022 kuma malaman jami'o'i sun yi wata takwas ba su shiga aji ba. Gidan da yake tsakanin makaranta da cikin gari, wanda ma'aikacin asibiti ko na banki zai iya kamawa idan ɗalibai sun watse, ya fi mini wanda yake manne da katangar makaranta.

Batun takardu ba zan tsawaita ba, don na masana shari'a ne. Dokar filaye ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna, saboda haka a tabbatar da shaidar mallaka a ofishin filaye, a kuma tabbatar gidan bai shiga cikin hanya ko ƙarƙashin babbar wayar lantarki ba. Idan gidan gado ne, a ga dukkan magada ko takardar rabon kotu, kada a yarda da babban wa shi kaɗai.

Daga nan sai a ɗauki alƙalami. A ƙaddara gida biyu ne, ɗaya na naira miliyan 6 a unguwar da za a iya samun hayar naira 400,000 a shekara, ɗaya kuma na miliyan 3 a inda da ƙyar za a sami 100,000. Na farko zai mayar da kuɗinsa a shekara 15, na biyu sai ya yi 30, in ma ya sami mai shiga kowace shekara, ban da kuɗin gyaran rufi da yashe masai. Wanne ne mai araha a cikinsu?

Na san akwai masu cewa gini a garin haihuwa daraja ce, kuma idan kowa ya kwashe dukiyarsa zuwa Kazaure da Kano, yaushe Karkarna da Gwiwa za su ci gaba? Wannan magana tana da nauyi, ban raina ta ba. Mai hali ya gina gida a garinsu, ya sauki baƙi, ya taimaki dangi, Allah ya ba shi lada. Abin da nake ƙi shi ne a kira wannan da sunan jari, har a jingina cefanen tsufa a kansa. Wanda yake son ya juya kuɗi a ƙauye yana da hanyoyin da suka fi dacewa da ƙauyen, kamar rumfa a kasuwa, ko ɗakin ajiyar amfanin gona, ko fadamar noman rani. Abokin nan nawa ma da ya gaji da jiran ɗan haya, a bara ya fasa bangon ɗakuna biyu na waje ya mayar da su shaguna, ɗaya mai injin markaɗe ya kama, ɗaya kuma mai cajin waya. Su ne suke biyansa a ƙarshen wata.