Bakanike ya hau motar kafin ya ɗauko sifana

Yawancinmu idan mota ta fara baƙuwar ƙara duk lokacin da aka taka totur, sai mu kai ta gareji, mu miƙa makulli, mu ce, "Malam, tana ƙara," mu kama gabanmu. Kafin la'asar an bugo waya: "Alhaji, a kawo kuɗin fulogi da fanbel da boris." A canja su duka, ƙarar tana nan daram. Kanikawa suna da nasu laifin, amma a ganina kaso mafi tsoka namu ne masu mota, domin mu ne muke jin ƙarar kullum, kuma mu ne ba ma tsayawa mu saurare ta.

Akwai gwajin da kowa zai iya yi a ƙofar gidansa. Ka tsayar da motar, ka cire ta daga giya, ka ja birkin hannu, ka taka totur a hankali. Idan ƙarar ta fito a tsaye, to tana wajen inji, ko fanbel, ko salansa. Idan kuwa ba ta fitowa sai motar tana tafiya, a nemi shaf, boris ko giya. Boris ma yana da alamarsa: gurnaninsa gudun mota yake bi, ko ka ɗaga ƙafa daga totur ba ya dainawa. Tsuwwa mai kaifi da sassafe, musamman in an kunna na'urar sanyi, galibi fanbel ne ya saki ko ya tsufa. Ƙarar gwangwani daga ƙasan mota kuma sau da yawa farantin da ke kare zafin salansa ne ya kwance, ƙusa ɗaya ta ishe shi.

Inda nake so a daɗe shi ne shaf. Motocin da suka cika titunanmu, Corolla, Accord, Golf da 406, da ƙafafun gaba suke ja. A bakin kowane shaf akwai wata baƙar roba mai lanƙwasa-lanƙwasa da ke riƙe giris. Ranar da ta tsage, giris ya watse, ƙurar hunturu da ruwan damina su shige ciki, su fara cin ƙarfen. Durƙusa ka leƙa bayan tayar gaba: in ka ga baƙin maiƙo ya fantsama a jikin rim, robar ta tafi. Da farko shiru za ka ji. Daga baya, duk sanda ka karya sitiyari kana taka totur, kamar a shataletale, sai ka ji ƙas-ƙas-ƙas. In kuwa bakin shaf ɗin na ciki ne ya lalace, motar karkarwa za ta yi idan ka ba ta wuta, ta lafa idan ka saki. Duk wanda ya taɓa tambayar farashin robar da na shaf ɗin a Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna ya san tazarar da ke tsakaninsu. Yana ci mini rai in ga magidanci ya biya kuɗin shaf saboda robar da babu wanda ya leƙa.

Sai ƙarar da ke fitowa daga cikin injin, siririya, kamar ana kaɗa tsakuwa a kwano, mafi yawa a hawa ko da kaya. Mai ne yake kamawa da wuta ba bisa ƙa'ida ba. Zafin inji na jawo ta, da fulogin da bai dace ba, da gurɓataccen mai irin wanda ba a san asalinsa ba a jarkar 'yan bumburutu. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023 ina lura da direbobin haya suna gaggawar jefa mota babbar giya don tsimi, injin yana nishi suna ƙara danna masa. Hakan na ƙara wannan ƙwanƙwasa, kuma fistin ne ke shan wahalar. Ka sauko da giya ɗaya, ka sauya gidan mai, ka saurara ko ta ragu.

Ƙarar da ba a jinkiri da ita ita ce mai nauyi, dum-dum daga ƙasan inji, tana ƙaruwa da totur, balle in fitilar baƙin mai ta kama. Nan take a kashe motar, a jawo ta. Wanda ya ce bari ya lallaɓa zuwa gida, shi ne ake gaya wa injinsa ya yi nokin.

Na san yanzu kowa na cewa a sa wa motar kwamfuta. Tana da amfani, motocin Amurka daga 1996 duk suna da mahaɗinta, amma abin da na'urorin lantarki suka gani kawai take karantawa. Ba ta ganin robar da ta tsage ko boris da ya cinye. Don haka ka nemi bakanike ya zauna a gefenka, ku hau titi, ka fito masa da ƙarar da ƙafarka, ka gaya masa a wace giya take zuwa, da sanyin inji ko da zafinsa. Bakaniken kirki ba ya ƙin wannan. A canja abu ɗaya, a nuna maka tsohon, sannan ku koma titin nan ku sake gwadawa kafin ka cika kuɗin aiki.