BA NETWOK BA NE, SAKACI NE

Jama'a, yau kwana uku ke nan muna ce wa mutane a ofishinmu "babu netwok, a dawo gobe." Har da wani dattijo ɗan fansho da ya biya kuɗin mota daga ƙauye sau biyu. Wallahi na gaji da wannan ƙaryar. Intanet ɗinmu lafiyarsa ƙalau.

Ni ba injiniya ba ne, amma takardun sashen kwamfuta ta teburina suke bi, don haka na san abin da ya faru.

Muna da manyan kwamfutoci biyu, waɗanda ake kira saba, an haɗa su su yi aiki tare: in ɗaya ta faɗi, ɗayar ta ɗauki kayan. Duk bayanan ma'aikata da na 'yan fansho kuwa suna cikin rumbu ɗaya da suke amfani da shi tare. Kowane lokaci suna aika wa juna saƙon "ina nan da rai." In saƙon ya yanke, kowace sai ta zaci 'yar'uwarta ta mutu. To ba a sarki biyu a gari ɗaya. In duka biyun suka shiga rubutu a rumbu ba tare da sanin juna ba, bayanai sun lalace. Shi ya sa ake sa shaida ta uku mai raba gardama, ake kuma ja hanyoyi biyu daga kowace saba zuwa rumbu.

Mu fa? Suwic ɗaya tal, wato akwatin da wayoyin ke haɗuwa a ciki, shi ke ɗauke da komai. Na'urar sanyaya ɗakin ta lalace tun kafin azumi. Batiran UPS, da a ƙa'ida ake canzawa bayan shekara 3 zuwa 5, ba a taɓa canza su ba. Aka ɗauke wuta, janareta ya kawo da ƙarfi, suwic ya ƙone. Sabobi biyu suna kunne, babu wadda ke ganin rumbu.

Ba a nan ta tsaya ba. Faifan rumbun an tsara su ne a RAID 5, tsarin da ke jure mutuwar faifai ɗaya kaɗai. Ɗaya ya mutu tun watanni, fitilarsa na ta ƙyaftawa. Ranar nan na biyu ya bi shi. Yanzu tsohon kwafi ake dawowa da shi, sauran kuma sai an sake bugawa daga fayil, da hannu.

Abin da ya fi ƙona min rai: yaron da ke kula da ɗakin ya rubuta takarda har sau uku yana neman faifai, batir da suwic na biyu. Da idona na ga an rubuta "a jira kasafi." Yau shi aka ba takardar tuhuma. Haba!

Kar wani ya ce min babu kuɗi. Abin da ya nema bai kai abin da muke kashewa a taron bita guda a otal ba. Gaskiyar magana, sayen sabon kaya yana da kwangila, da yanka kirtani, da hoto. Gyara ba shi da ko ɗaya.

Ranka ya daɗe, kai mai sa hannu: duk kwangilar kayan kwamfuta a haɗa ta da kuɗin kulawa. A ajiye faifai na ko-ta-kwana. A riƙa gwada kashe saba ɗaya da gangan a ga ko ɗayar za ta ɗauka. A ajiye kwafin bayanai a wani gini daban. A kuma janye wa yaron nan tuhuma.

Gobe dattijon nan zai dawo. Ku faɗa min, me zan ce masa?

Allah ya kyauta.